Katin da ke Cikin Hular Malam

Sata iri ɗaya na taɓa yi a rayuwata, sai dai sau bakwai na maimaita ta, kuma duk a ɗakin mijina. Tun da yanzu ƙura ta lafa, kowa a gidan ya san abin da ya faru, bari in faɗe shi yadda ya kasance kafin yara su ƙara masa gishiri.

A Hyattsville muke zaune, hawa na biyu, a gidan hayar da muka shiga tun ina goyon 'yata ta fari. Ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida ban taɓa faɗa ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", ta kuma san da ita nake. Ni ba mai fita ba ce. Shekara ashirin da wani abu a ƙasar nan, amma in aka ajiye ni bayan tashar jirgin unguwarmu sai an yi cigiya. Karatuna bai wuce aji huɗu ba a Zariya, ɗan Turancin da nake ji ma a bakin yara da talabijin na tsince shi. Kunne dai, Alhamdulillahi. Ina kicin nake gane wanda ya dawo daga yadda ya murɗa makulli.

Maigidan, Malam muke ce masa, a ɗakin gwajin jini yake aiki a wani asibiti. Mutum ne mai sauƙin kai, abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa kwana da bashin kowa ba. Kuɗin haya, ranar ɗaya ga wata zai je gidan waya ya sayi takardar kuɗi ya kai ofis da hannunsa. Mota sai ya tara ya sayi ta hannu, ya biya lakadan. Duk wasiƙar da banki ya aiko yana yi masa tayin katin bashi, a tsaye yake yayyaga ta, ya ce riba ce aka shafa wa hoda. Karatun yarinyar nan ma haka ya biya shi zango-zango, ita kuma tana ɗan aiki a kantin magani, har ta gama ba ta ci rancen kowa ba. In muka yi baƙi, kafin shayi ya huce sun ji wannan labarin.

Da ta gama karatun nas sai ta samu aiki a Manassas. Wanda bai san nan ba zai ɗauka bayan gida ne. In hanya ta cushe awa ɗaya da rabi ne, wani lokaci biyu, a tsohuwar motar babanta, bayan ta yi awa goma sha biyu a tsaye. Wata safiya ta dawo daga aikin kwana, ta zauna a kicin ko takalmi ba ta cire ba, take ba ni labari wai barci ya ɗauke ta a danja, motar har ta fara silalewa, sai hon ɗin na bayanta ya tashe ta. Tana faɗa tana dariya. Ni ludayin da ke hannuna na ajiye, na zauna.

A ranar Malam ya yarda da abin da a da ko a mafarki ba zai yarda ba: ta kama haya kusa da wurin aiki. Akwai 'yar wani abokinsa mutumin Jos, ita ma nas ce a asibitin, hayarta za ta ƙare in sanyi ya wuce, sai su kama gida tare. Kafin lokacin, in ta yi aikin kwana takan kwantar da kujerar mota a filin asibiti ta ɗan runtsa, sannan ta kamo hanya. Ni kuma ina nan bakin taga da carbi.

Ƙawar tata ce ta faɗa mata cewa masu gidajen can ba sa ba da makulli sai sun duba makin mutum. Muna gyaran alayyahu yarinyar nan ta yi min bayani. Wai a ƙasar nan ba a tambayar ɗan gidan wa kake, ko wa zai tsaya maka. Akwai maki da ake ba kowa a kan yadda yake cin bashi ya biya, wanda bai taɓa ci ba kuwa ba shi da maki, kamar ba a haife shi ba. Maganin abin shi ne ka karɓi kati, duk wata ka sayi ɗan abu kaɗan da shi, ka biya duka kafin ranar da aka sa, riba ko ƙwandala ba za ta hau ba. Wata shida ko bakwai sai maki ya fito. Ta yi zaton zan yi mamaki. Na ce mata ai ko a Zariya mai kanti bai san amanarka ba sai ya taɓa ba ka sabulu ka kawo kuɗin gobe.

Bayan kwana goma katin da ta nema ya iso, a nan kuma na tafka kuskuren da ya jawo komai. A gidanmu duk abin da yaro ya fara samu, uba ake kai wa ya sa albarka. Takardar gama makaranta, lasin tuƙi, albashin farko, duk sun bi ta hannun Malam. Yakan yi addu'a, ya tofa, ya mayar. Albashin ma dala ashirin kawai ya zare ya miƙa mata sauran. Da na ga ambulan a hannunta, bakina ya riga hankalina, na ce ta kai wa babanta. Ta dube ni, ta tafi. Ta durƙusa a gefen kujerarsa ta ajiye masa a hannu.

Ya sa tabarau, ya karanta gaba, ya juya baya. Ya yi addu'a mai tsawo, wadda rabinta neman tsari ce daga abin da ke hannunsa. Da ya shafa, sai na ga katin ya nufi aljihun gaban rigarsa.

"Uwata," ya ce, haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa gare ta, "wannan zan ajiye miki. Zancen gida kuwa ki bar min. Ni zan je in sa hannu da kaina. Mutumin da bai taɓa riƙe sisin kowa ba, wane mai gida ne zai ƙi shi?"

"To, Baba. Na gode."

Abin da za ta iya cewa ke nan. Abin da ka kai wa uba ya sa albarka, ba ka miƙa hannu ka ce a dawo maka da shi. Ta biyo ni kicin ta rufe ƙofa, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa da Turanci, da sauri yadda ba zan kama ba, amma na kama. Washegari na gwada yi wa Malam magana bayan ya ci ya ƙoshi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, har da ke?" Shekara talatin da aure, na san ƙofar da aka rufe da sakata.

To amma tun a yammacin farko kunnena ya yi aikinsa. Ina wanke tukunya na ji an ja kujera a ɗaki, na ji ta yi ƙara da nauyin mutum, sannan na ji kacau-kacau ɗin leda. A ɗakinmu leda ɗaya ce ke sama, wadda yake naɗe hulunansa a ciki, a can saman kabad, ɗaya cikin ɗaya. Ranar Asabar da ya tafi aiki na ja kujerar nan, na yi bisimilla, na hau da gwiwata mai ciwo. A cikin wata kube ruwan ƙasa na same shi, wadda ta matse masa kai ya daina sawa. Na sauko da shi kamar wadda ta gudo daga gidan sarki.

Yarinyar nan ta ga katin a tafin hannuna ta toshe baki. Nan take ta ce ai shi ke nan, za ta shigar da lambar cikin wayarta, in mayar da shi, ba sai na sake hawa kujera ba. Na ce a'a. In ta sa a waya, ita ce ta yaudari ubanta, kullum da abin a aljihunta. In ni na ɗauko, magana ce tsakanina da mijina, ita rakiyar uwarta kasuwa kawai ta yi, alhakin yana wuyana. Ta ce wannan lissafin ko malamai ba su san shi ba. Na ce su ba su auri babanta ba.

Wannan dalili gaskiya ne, amma akwai na biyu da ban faɗa mata ba. Abin ya yi min daɗi.

Muka tafi shagon kayan Afirka da ke bayan layinmu, na wata 'yar Gana mai Hausar zango, wadda ke haɗa ta da yarensu in ciniki ya yi zafi. Muka ɗauki kuka, daddawa, busasshen kifi, kwalbar manja ƙarama. Dokar yarinyar nan ita ce kada a wuce dala talatin, wai in ka cika katin makin raguwa yake. Ni na zura shi a na'ura da hannuna, ta yi ƙara, ta amince. Kafin la'asar ya koma cikin kube, ledar na naɗe yadda na same ta, kujera na wurinta. Da lissafin wata ya fito a wayarta ta biya duka daga albashinta, ta nuna min sifili.

Haka muka riƙa yi duk Asabar ta farkon wata. A wata na uku mai shagon ta gane mu, da mun shigo sai ta ce, "Hajiya, yau ma ranar kati ce?" Ni da ake roƙo in fita ko sallar Idi, sai ga ni ina tambayar yara yau nawa ga wata. In mun gama sayayya ba ma komawa nan da nan. Takan sayo mana askirim mu zauna a mota a bakin shagon, ta ba ni labarin marasa lafiyarta, da wani tsoho da ke kiranta da sunan matarsa, ni kuma in ba ta na mutanen hawa na uku, waɗanda ban taɓa shiga gidansu ba amma na san ranar da suke faɗa. Tun tana 'yar sakandare rabon da mu zauna haka. Wani lokaci ina lasar askirim sai in tuna cewa duk wannan wahalar ina yin ta ne don ta bar min gida. Sai in ƙara lasa.

A wata na biyar aka kusa kama ni. Wani abokin Malam da ke Bowie zai je gida, a nan kuwa ba wanda ya iya wankin hula, sai dai a tara a ba matafiyi ya kai Kano a wanke, a buga, a dawo da su. Malam ya yi musanyar aiki da wani bai faɗa min ba. Muka dawo da ledar kifi, katin na ƙulle a bakin gyalena, muka tarar da huluna baje a kan gado, shi kuma yana tsaye da kuben nan a hannu yana leƙa cikinta kamar rijiya.

Ya tambaye ni ko na taɓa hulunansa. Ban ce a'a ba, Allah ya gani. Cewa na yi, "Ni da gwiwar nan, Malam?" Yarinyar nan ta shige banɗaki ta kunna famfo. Na ajiye kifi na shiga taya shi nema da gaske, ƙarƙashin gado, bayan kabad, ina ɗaga filo ina salati. Ina cikin jera rigunansa na sake shi a aljihun farar jallabiyar da ya sa ranar Juma'a. Sai da muka ƙara minti goma sannan na ce ko zai duba aljihuna. Da hannunsa ya zaro shi. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce shi fa bai tuna ya sauko da shi ba. Na ce ai girma ne, kowa zai je.

Wannan kalmar ce kaɗai a cikin duk abin da na yi take damuna har yau. Malam ya ɗauke ta da gaske. Ya sayo zuma da zabibi yana ci da safe, wai suna gyara ƙwaƙwalwa. Ya fara rubuta komai a 'yar takarda yana liƙawa a firiji. Na ji shi a waya yana tambayar wani likita abokinsa, a fakaice, ko mantuwa tana farawa da ƙananan abubuwa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa, sai in tuna danjar nan da motar da ke silalewa, in rufe. Katin kuwa ya canja masa wuri, ya mayar da shi tsohon akwatin da muka zo da shi, mai zif ɗin da ke cijewa a tsakiya. Ina soya albasa na ji ya cije. Gwiwata ma ta huta da hawa kujera.

Da sanyi ya wuce muka ɗunguma zuwa Manassas, ranar Talata da hantsi. Malam ya sha babbar riga da hula sabuwar bugu, da jakar takardu cike da rasit ɗin haya na shekara da shekaru, an ɗaure su da roba. 'Yar Jos ɗin ta riga ta gama nata tun mako guda, saura ɓangarenmu. Gidan mai kyau ne, ɗaki biyu da falo, daga tagar kicin ana hango rufin asibitin.

Matar ofis mai fara'a ce. Ta karɓi lambobin Malam a matsayin wanda zai tsaya wa 'yarsa, ta buga a kwamfuta, ta jira. Ban ji duk abin da ta ce ba, amma na ji muryarta ta sauka, irin saukar da ake yi in za a faɗa wa babba abin da ba zai so ba. Ta sake bugawa. Wai ba ta ga komai a kansa ba, ba mai kyau ba, ba marar kyau ba, babu shi kawai. Ya kwance robar ya tura mata rasit. Ta duba na sama don ladabi, ta yaba, ta ce ita ba ta da ikon karɓar wannan, abin da kwamfuta ta nuna shi kamfani ke bi. Na ga kunnen Malam ya motsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana taka gidan waya da ƙafarsa. Wallahi a lokacin da ina da iko da na fasa kwamfutar.

Yarinyar nan ta dube ni, na ɗan gyaɗa kai. Ta ce wa matar ta gwada nata ita kaɗai, ga takardar albashi. Aka buga. Muryar matar ta koma sama. Maki ya fito, ba mai yawa ba, na sabon shiga, amma da albashinta ya isa, ba a bukatar mai tsaya mata. Za a riƙe mata gidan har jibi ta zo ta sa hannu. Matar har da ce wa Malam ya yi tarbiyya, yarinya ƙarama ba ta taɓa makara da biya ba ko sau ɗaya. Ya ce ya gode.

Muka kamo hanyar gida. Yarinyar nan na tuƙi, shi yana gefenta, ni ina baya da jakar rasit a cinya. Sai da muka hau babban titi ya yi magana, idonsa na kan hanya.

"Uwata, katin da ke cikin akwatina shi kaɗai yake fita kasuwa?"

Na ga hannunta ya ƙanƙame sitiyari. Na ce, "Malam, bar ta ta yi tuƙi. Ni ce. Ita rakiya kawai ta yi."

"Tun yaushe?"

"Tun yana cikin kube."

Muka iso Hyattsville. Na yi tuwo da miyar kuka, na zuba masa, ya wanke hannu ya fara ci. Can ya tambaye ni me muka riƙa saye da shi. Na nuna kwanon da ke gabansa da haɓa. Hannunsa ya tsaya a hanya da loma. Ya dubi miyar, ya dube ni, ya ga dai wata bakwai ya riga ya wuce ta maƙogwaro, ya kai lomar baki.

Da ya gama ya kira ta ya ce ta kawo wayar. Ya sa tabarau ya bi watannin ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, yana neman layin da aka rubuta riba. Sau bakwai ya tarar da sifili. Ya koma farko ya sake bi, ko ya yi tsallake. Sannan ya tashi, muka ji zif ya cije, ya fito ya miƙa mata katin ya ce jibi ta je ta sa hannu, amma ranar da riba ta hau ko ta sisi ce, da almakashinsa zai zo Manassas. Ta durƙusa tana godiya tana share ido. Na fara lallaɓawa zan kwashe kwanuka.

"Hajiya, dawo. Ranar wankin hula, wa ya sa shi a aljihun jallabiyata?"

Na dawo na zauna a ƙasa, gwiwa ko ba gwiwa. Na ce ni ce, ya yafe min.

"Wato kaina lafiya lau."

"Lafiya lau, Malam."

"Wata biyu ina cin zabibi."

Yarinyar nan ta gudu ɗaki, muna jin dariyarta a cikin filo.

Ranar Alhamis ta sa hannu, ranar Asabar Malam ya ɗauko hayar motar kaya, shi ya ɗaura katifa, shi ya gwada kowace sakata a gidan sau biyu. Daga ƙofarta zuwa asibiti minti shida ne. Yanzu in ta tashi daga aikin kwana takan kira ni tana shiga mota, kafin mu gama gaisuwa na ji ta murɗa makullin ƙofarta, sai in ce ta je ta kwanta. Ɗakinta na nan ina share shi, ban bar kowa ya koma ciki ba tukuna.

Zancen kati Malam ya yafe shi a kwana ɗaya. Na jallabiya kuwa sai bayan babbar Sallah ya daina tayar da shi. Har yau kuma in tabaransa ya ɓata ba ya wahalar da kansa da nema. Kicin yake zuwa ya tsaya a gabana, ya miƙo hannu.